Lema mai inji a Kaduna: a ina aka yarda a tashi, a ina za a sauka?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana. Lemar nan mai inji da farfela da mutum ke goyawa a baya, faramoto, idan wani ya mallake ta a Kaduna zai iya shimfiɗa ta a babban fili cikin gari ya tashi? Misali Dandalin Murtala, ko filin ƙwallon wata makaranta ranar da babu ɗalibai. Ana cewa gudun taku ashirin ya ishe ta barin ƙasa, kuma wai dokar tsayi ba ta hau kan mai tashi ko mai sauka ba.

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda Najeriya ke bi, ta ce mai tuƙi da ganin ido ba zai ratsa saman gari, ko unguwa mai cunkoso, ko taron jama'a a fili ba, sai ya ɗara abu mafi tsawo da ke cikin mita 600 kewaye da shi da mita 300. A lura, ba daga ƙasa ake aunawa ba. Idan unguwar na da ƙarfen sabis mai mita 50, lissafin ya koma mita 350 ke nan. A wajen gari mita 150 ne daga ƙasa ko ruwa. Akwai kuma wata ƙa'idar da mutane ba su cika karantawa ba: a saman gari dole tsayinka ya kai wanda in matsala ta taso za ka iya sauka ba tare da ka jefa mutane ko dukiyarsu cikin haɗari ba. An yi togaciya ga tashi da sauka, haka ne, don babu abin da zai bar ƙasa ya tsinci kansa a mita 300 nan take.

Lauyan Barnawa:
Yallaɓai, da izininka. Togaciyar nan ta shafi ƙa'idojin biyu duka, har da ta saukar gaggawa. To idan mai fili ya ba da izini, kuma mutum tashi yake yi ba shawagi ba, wane sashe ya karya? Ba goyon baya nake ba, so nake a nuna mini inda laifin yake a rubuce.

Tsohon Matuƙi:
Barista, tambayar ta yi. Togaciyar ta tsaya ne ga abin da ya zama dole don tashi ko sauka. An yi ta don jirgin da ke bin hanyar da aka tsara masa daga filin da hukuma ta sani, aka auna abubuwan da ke kewaye da shi, aka hana gina dogayen gine-gine a bakinsa. Wanda ya bar faɗin dajin jihar nan ya zaɓi tsakiyar Unguwar Rimi, ba dole ce ta sa shi ba. Sannan akwai ƙa'idar da ba ta da togaciya ko ɗaya, wato haramcin tuƙin ganganci ko sakaci da zai jefa ran wani ko dukiyarsa cikin haɗari. Mai fili yana da iko da filinsa, amma ba shi da ikon ba ka izinin rufin maƙwabtansa, kuma daƙiƙa goma bayan ka bar ƙasa a kan rufinsu kake.

Dubi ƙasashen da wasan ya yi ƙarfi. A Amurka, dokar ƙananan jirage marasa nauyi ta 1982 ba ta neman lasisi daga mai faramoto na mutum ɗaya, amma ta hana shi ratsa saman cunkoson gari ko taron jama'a ko da a wane tsayi ne. Babu zancen mita 300 ma. A Birtaniya ba a tashi ko sauka cikin cunkoson gari a wurin da ba filin jirgi ba sai da izinin hukumarsu, kuma ba a yi a cikin mita 1,000 daga taron da ya haura mutum 1,000. Waɗannan masu sassauci ke nan.

Lauyan Barnawa:
Na karɓi ta ganganci, ita ce za a tuhumi mutum da ita. Amma dokar Amurka ba ta aiki a Tudun Wada.

Tsohon Matuƙi:
Ba ta aiki, shi ya sa ma kada wani ya kalli bidiyon Ba'amurke yana cewa babu lasisi ya ɗauka da shi ake. A nan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ce ke da iko da duk abin da ke tashi na farar hula, ƙarƙashin dokar sufurin jiragen sama ta 2022 da ƙa'idojinta na 2023. Tun 2016 hukumar ta sanar cewa ko jirgi mara matuƙi ba a tashinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ƙasar da ta tsananta haka a kan na'urar da ake riƙewa a hannu, mai hankali ba zai goya inji ya hau sama ba tare da takarda ba. A rubuta musu kafin a sayi kayan, a karɓi amsa a rubuce.

Mai Hasumiya:
Bari in shigo ta ɓangaren sararin sama, don ko babu gida ɗaya a ƙasa Kaduna ba wurin wasa ba ce. Arewa maso yamma akwai babban filin jirgin sama na farar hula. A Mando akwai sansanin sojin sama, inda makarantar koyon tuƙi ta 401 take, ɗalibai na zagaye da ƙananan jirage irin Super Mushshak ƙasa-ƙasa, suna tashi suna sauka. Ga jirage masu saukar ungulu na aikin tsaro da ba su da lokaci. In ka nausa arewa kuma ɗaliban kwalejin koyon tuƙi ta Zariya na nasu atisayen. Kowane filin jirgi mai hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage yana da yankin da ya faro daga ƙasa ya yi sama, wanda ba a shiga sai hasumiya ta ba da izini. Iyakokinsa suna cikin kundin bayanan jiragen sama na ƙasa da hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, ke fitarwa, tare da wuraren da aka haramta ko aka taƙaita. Wannan kundin za a fara buɗewa, ba taswirar waya ba.

Abin da mai lema bai cika ganewa ba shi ne ba a ganinsa. Ba ya ɗauke da na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, jikinsa yadi ne da igiya, gudunsa kilomita 35 zuwa 45 a awa. Jirgin koyo mai gudun kilomita 200 a awa yana cin mita 55 a daƙiƙa. Ranar da hazo ya rage gani zuwa kilomita ɗaya da rabi, daƙiƙa 27 ne tsakanin hangen farko da karo, in ma an hango. Ko ba a yi karo ba, iskar da jirgi mai saukar ungulu ya bari a bayansa tana iya naɗe lema gaba ɗaya, kuma tana daɗewa kafin ta lafa.

Sai batun tsaro. Gidan Sir Kashim, hedikwatar runduna ta ɗaya, NDA, Jaji, matatar mai. Sojan da ke gadi ba ya da hanyar sanin niyyarka. A Maris na 2022 aka kai hari kusa da titin filin jirgin Kaduna, kwana biyu bayan haka aka tare jirgin ƙasa. Ba garin da za a ga baƙon abu a sama a tsaya tambaya ba ne.

Injiniyan Kakuri:
Ni lissafi zan kawo, don shi ba ya jin roƙo. Injin faramoto galibi mai bugu biyu ne mai silinda ɗaya, dangin na ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da mai, sai dai ya fi ƙarfi nesa. Wanda ya fi yaɗuwa, Vittorazi Moster 185, yana ba da ƙarfin doki wajen 25, yana shan lita 3 zuwa 5 a awa. Fulogi ɗaya gare shi, kafireto ɗaya, bel ɗaya. Ba shi da na biyu a komai. Hular fulogi ta fita saboda girgiza, inji ya mutu. Datti ya toshe ragar cikin kafireto, ya mutu. Tiyon mai ya tsage ya ja iska, ya mutu. An rage man 2T a haɗin, fistin ya kama. Haɗin da aka saba shi ne kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari, wato mililita 20 zuwa 25 a kowace lita, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Fetur ɗin bakin titi na cikin galan kuwa kada a kusance shi, a tace na gidan mai ma kafin a zuba. Saboda haka ake koya wa kowane ɗalibi ya ɗauka injin zai mutu, tambayar kawai ita ce yaushe.

To in ya mutu me ya rage? Lema ba ta faɗowa, tana zamewa. Da nauyin inji da jan iskar kejin da ke kewaye da farfela, a yi lissafi da mita 6 gaba a kowace mita 1 da aka sauka. Daga mita 300 kana da kilomita 1.8 idan iska a kwance take. Idan kana fuskantar iska mai kilomita 15 a awa, gudunka a ƙasa ya ragu daga 38 zuwa 23, lokacin saukar kuma bai canza ba, ƙasa da minti 3 ne, sai tazarar ta koma kilomita 1.1. Cire mita 50 na ƙarshe da za ka yi amfani da su wajen juyawa ka fuskanci iska. Yanzu ɗauki tsakiyar Rigasa ko Tudun Wada, zana da'ira mai kilomita ɗaya, ka nuna mini fili mara waya, mara mutane, mai tsawon mita 60. Kenan ko wanda ya cika mita 300 na doka bai cika sharaɗin saukar gaggawa ba.

Ɗan Kawo:
Injiniya, na gane na tsakiyar gari. Amma Dandalin Murtala ai babba ne. Ba za a iya hawa sama a cikinsa ba kafin a fita?

Injiniyan Kakuri:
Malam, auna. Matsakaicin mutum da inji mai lafiya yana hawa mita 2 a daƙiƙa yana tafiya mita 10 gaba. Don ya kai mita 30 kacal, tsayin dogon bene ko gajeren ƙarfen sabis, yana buƙatar mita 150 bayan ƙafarsa ta bar ƙasa. Don ya kai mita 300, minti biyu da rabi ne, tafiyar kilomita ɗaya da rabi. Wannan a iska mai kauri ke nan. Kaduna tana sama da teku da fiye da mita 600. Da safe, zafi na maki 22, lema da farfela suna ji kamar suna mita 1,000. Da rana a watan Maris ko Afrilu, zafi ya kai 38, sai su ji kamar mita 1,600. Inji na rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, ka ga wajen kashi 16 sun tafi. Gudun ƙasa ya ƙaru, hawa ya ragu. Taku ashirin ɗin da aka gaya maka na mai sanyi da iska a fuska ne.

Mai Lema:
Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka. A babban fili ana iya hawa da zagaye, mutum na kewaya filin yana ƙara tsayi, kullum yana inda zai iya zamewa ya dawo. Haka ake koyarwa ma. Matsalar filin cikin gari ba girmansa kaɗai ba ce.

Injiniyan Kakuri:
Na yarda, bayan ka wuce mita 50. Ƙasa da haka juyi yana cin tsayi, murɗin farfela na karkatar da kai gefe ɗaya, kuma wanda injinsa ya mutu a mita 20 ya ce zai juyo baya, iska za ta koma bayansa ya bugi ƙasa da gudu biyu. Ƙa'idar ita ce ka sauka a gabanka. A cikin gari gabanka katanga ce da falwaya.

Mai Lema:
A nan mun haɗu. Abin da nake nufi shi ne iskar kanta. Duk gini ko jerin bishiyoyi yana birkita iskar da ta ratsa shi, kuma birkicewar na iya kaiwa ninki goma na tsayinsa a bayansa. Bene mai mita 15 ya ɓata mita 150. Filin da gine-gine da dogon yaro suka kewaye shi ta ko'ina, tutar iska za ta nuna maka gabas a wannan kusurwa, arewa a waccan. Lema ba ta da ƙashi, iska ce ke riƙe da siffarta. Ta shiga birkitacciyar iska a mita 15 gefe ɗaya ya naɗe, babu tsayin da za ta sake buɗewa, lemar ajiya ma ba za ta samu lokacin buɗewa ba.

Sai waya. Daga sama ba a ganin waya, turakanta ake nema, shi ya sa ake zagaya fili da ƙafa kafin a shimfiɗa komai. Wayoyin da mutane suka ja da kansu daga gida zuwa gida ba su da turakan kirki. Dogayen eriya na da wayoyin da ke ɗaure su a ƙasa, suna bazuwa nesa da gindin. Wajen Mando kuma manyan layukan wuta masu kilobolt 330 ne ke shiga tashar rarraba wuta. In dole ne a tsallaka babban layi, a bi ta kan ƙarfen da ke ɗauke da shi, da tsayi mai yawa, ba ta tsakiyar waya ba.

Ɗan Rigasa:
To bakin kogi fa? Da rani yashi ya fito, babu gida babu waya.

Mai Lema:
Ɗan'uwa, kogin Kaduna ta cikin gari ya ratsa, gefe da gefe unguwanni ne, ga gadoji ga wayoyin da suka tsallaka shi. Kuma ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu faramoto. Inji da mai sun kai kilo 25 zuwa 35 a bayanka, suna kifa ka da fuska, igiyoyi sun naɗe ƙafa, lema ta cika da ruwa tana ja. Ruwan da bai kai ƙirji ba ya isa. Mai bin saman ruwa yana ɗaura balan-balan mai kumbura da kanta a jikin kujera, kuma yana tsayin da zai kai shi tudu. Yashi mai laushi ma ba a gudu a kansa da wannan nauyin, sannan farfela na zuƙarsa tana cinye bakinta.

Hajiyar Malali:
Kun taɓo iska, bari in sa lokaci a ciki. Awa biyu zuwa uku bayan fitowar rana, da awa biyu kafin faɗuwarta, su ne lokacin wannan na'urar. Da rana ta take, ƙasa na tura iska mai zafi sama gungu-gungu, kuma rufin kwano da kwalta sun fi gona dumama, saboda haka saman gari ya fi gefensa tsalle-tsalle. Da bazara guguwa na tashi a busasshen fili ba sallama, ta ɗaga lema da mai ita tun suna ƙasa. Sabon shiga kada ya wuce iska mai kilomita 15 a awa, kuma bambanci tsakanin lafawa da bugawa ya fi matsakaicin muhimmanci. Iskar da ke tsalle daga 5 zuwa 20 ta fi mai tsayuwa a 15 haɗari.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take. Da asuba ƙasa shiru, amma mita 100 zuwa 200 a sama tana iya gudu sosai, rana na ɗagawa ta sauko ƙasa. Mai tashi ya nufi inda iska ke fitowa tukuna, don dawowa ta yi sauƙi. Ga hazo. Ƙa'idar tuƙi da ganin ido na neman ganin kilomita 5, kuma akwai ranakun da manyan jirage ma ke fasa sauka a Arewa saboda ƙura. Da damina hadari galibi daga gabas yake tasowa, iskar da ke gabansa na riga ruwan isowa da kilomitoci, kuma ta fi gudun lema. Ka ga gabas ta haɗe, ko da rana na haskawa a kanka, sauka. A duba hasashen hukumar yanayi, NiMet, da dare, a sake dubawa da safe.

Ɗan Kawo:
Hajiya, Allah ya saka. To wane irin fili ne ya dace, tunda gari ya fita?

Mai Lema:
Wajen gari, wajen yankin hasumiya, inda tsaro ke da kyau. Shimfiɗaɗɗe, aƙalla mita 100 ta fuskar iska, sannan wasu mita 300 a gaba babu waya babu doguwar bishiya, wurin da za a iya dira in inji ya ɗauke. Hanyar hawa kada ta bi ta kan ƙauye, makaranta, kasuwa ko ruga. Ƙarar injin na firgita shanu, kuma garken da ya watse cikin gonar wani rigima ce da ta fi ƙarfin mai lema. Gona bayan girbi tana ruɗi: kunya na harɗe ƙafa, kututturen dawa da masara na yanka igiya, ƙaya na huda yadi. Sai an share an baje.

A gaida mai gona, a je wa mai unguwa da dagaci, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da duk wani shingen sojoji da ke kusa, da rana da lokaci. Kuma a tanadi mutum biyu ko uku na tsare jama'a. Ko a ƙauye, minti biyar ya isa yara su cika fili, kuma wurin saukarka za su ruga. Farfela mai santimita 125 zuwa 130 ba a ganinta in tana juyi, ragar keji ba ta hana hannu shiga. Da yawa daga cikin munanan raunukan wannan wasa a ƙasa ake samunsu, lokacin tayar da inji: wayar totur ta maƙale, inji ya tashi da cikakken ƙarfi ya kifo kan mai shi. A duba totur ya koma wurinsa a jikin kafireto, a sa hular kwano, a goya injin a baya kafin a tayar, kowa ya ja baya mita 15. Wajen sauka a kashe inji tun ana mita 15 zuwa 20 a sama, a fito daga kujera, a fuskanci iska, a ja birki biyu gaba ɗaya in saura mita ɗaya. Duk wannan a hannun malami ake koyonsa, bayan kwanaki ana sarrafa lema a ƙasa babu inji.

Lauyan Barnawa:
A ƙara da inshorar ɓarnar da za a yi wa wani. Ka faɗa kan rufi ko gilashin mota, izinin hukuma ba zai biya maka ba. Izinin mai gona ma a rubuta, da shaidu.

Ɗan Kawo:
Yallaɓai Tsohon Matuƙi, me takardar neman izinin za ta ƙunsa?

Tsohon Matuƙi:
Sunan mai nema da shaidar horon da ya samu da inda ya samu. Samfurin inji da lema, lambobinsu, nauyinsu, girman tanki. Lambobin wurin filin a taswira, faɗin da'irar da za a yi shawagi, iyakar tsayi, ranaku da awanni. Izinin mai fili, takardar inshora, da yadda za a yi magana da hasumiya. A nemi su faɗi ko na'urar na buƙatar rajista, da wace takardar tsaro za a haɗa kafin a shigo da ita ta kwastan.

Mai Hasumiya:
Idan an amince, a nemi NAMA ta fitar da sanarwar matuƙa a kan wurin, don ɗaliban Mando da na Zariya su gani a shirinsu na safe. Duk da haka a kira hasumiya ta waya kafin a tashi, a faɗi wuri, tsayi da lokacin sauka, a sake kira bayan an sauka. Mai rediyon jirage ya samu izininsa, ya kuma koyi yadda ake magana a kansa. Tashar rediyo ta 121.5 MHz ta gaggawa ce kawai, ba a gwada rediyo a kanta.